Maganar Dala Ce

Tun da muka dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. Matan layinmu na Sabon Gari a nan Maraɗi, maƙwabtan rumfata a kasuwa, har waɗanda ba ma ko gaisawa, kowa sai ya tsaya ya ce, “Hajiya Barira, ina motar?” Wasu da gaske suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji, so suke su sake ji daga bakina su ƙara da nasu gishirin. Na gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya sake tambayata bayan wannan kada ya ga laifina in na ba shi amsar da ba ya so.

Lawali ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Tsibiri yake zaune da iyalinsa, kuma tun yana saurayi yake jan taksi tsakanin Tsibiri da Maraɗi, wata tsohuwar mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Kwatsam wani furoje, wato shirin ƙungiyar agaji na kiwon lafiya, ya nemi direba mai motar kansa, za su ɗauke shi haya na shekaru, albashi duk wata. Sun yarda da tuƙinsa, amma suka kafa sharaɗi: mota ta zama sabuwa fil daga kamfani, ba irin ta hannu da ake kawowa daga Kwatano ba, kuma ya kawo ta kafin wata ya ƙare.

Lawali ya sayar da taksin. Ya sayar da shanun matarsa da yardarta. Duk da haka bai kai ba, sai ya taɓa abin da ba a taɓawa, garkar da Baba ya bar masa a Jiratawa, lambun nan nasa, wadda take bakin hanyar ruwa, mai zogale da tattasai. Daga ita gidansa yake ci duk ranar da taksi ta ƙi tashi. Alhaji Rabe, mai garkar da ke maƙwabtaka da ita, shi ya saya. Ina zaune a wurin Lawali ya ce, “Na sallama,” aka shafa fatiha. Kun san yadda abin yake a wurinmu, in mutum ya faɗi wannan kalma a gaban shaidu to magana ta mutu.

An ce masa a Kano ta fi sauƙi a kan Yamai, tunda sefa ta fi naira ƙarfi. Shi ne ya zo ya durƙusa mini ya ce in raka shi don in yi masa ciniki. Ba yabon kai ba, ni a kasuwa an san ni. Kwanoni da robobi nake sayarwa, kuma ban taɓa sayen ko allura a farashin da aka fara faɗa ba. Hanyata ɗaya ce ba ta canzawa. In kushe kaya, in taya rabi, in an ce albarka in miƙe in yi tafiyata a hankali, kunnena a baya. Kafin in kai bakin layi za a ce, “Hajiya, dawo, kawo kuɗin.” Ba a taɓa ƙin kirana ba, shi ya sa na ɗauka duniya duka haka take.

Kuɗin ba mu ɗauke su a jiki ba. Wani ɗan canji a Maraɗi ya karɓi sefar ya mayar da ita naira a lissafin ranar, ya ce abokin hulɗarsa na Kano zai tura wa kamfani duk lokacin da muka ce. Muka ware na duwan, wato kuɗin kwastam, daban don shigo da motar. Tun ranar nan dukiyar Lawali ta zama naira, ni kuma ko a jikina.

Da sassafe muka hau motar Ɗan Isa. Na ɗauko dambu da zogale a kwano don guzuri, wani mai buhun barkono ya zauna a kai kafin mu fita gari, murfin ya buɗe, rabin dambun ya tafi cikin takalman mutane. Na wanke mai barkonon tas da faɗa, ya ba ni haƙuri, daga baya muka ci sauran tare. Lawali kuwa duk hanya gyara wa direba tuƙi yake yi, har direban ya ce in ya matsu ya zo ya karɓi sitiyari. Lawali ya yi dariya ya ce, “Bari dai, ɗan'uwa. Da tawa za ni komo, sabuwa cikin leda. In na ishe ka bisa hanya zan yi maka oda.”

A iyaka aka sauke mu, muka bi layi da katin shaida a hannu, rana tana dukanmu. Ba wanda ya tsananta mana, jira ne kawai mai cin rai. Muka canza mota a Jibiya. Daga nan zuwa Katsina hira ta mutu, kowa ya san labarin hanyar, direba bai tsaya ko'ina ba sai a shingen jami'ai, su kuma shinge bayan shinge. Wata tsohuwa a gefena carbi take ja har muka ga gidajen Katsina, sannan ta saki numfashi ta tambaye ni ko ina da goro.

Da la'asar muka shiga Kano. Ni dai ban ga abin da ake kururutawa ba sai hayaƙi da 'yan adaidaita sahu da ke shiga gaban mutum kamar kaji. Muka sauka a Fagge gidan Gwaggo Hure, ƙanwar Babanmu, wadda aure ya kai ta can tun kafin a haife ni amma har yau bakinta na Jiratawa ne. Ta sa aka kawo mana gurasa da ƙuli da shayi mai zaƙi kamar za a kashe mutum. Burodinsu laushi gare shi da sukari, ba irin namu dogo mai ɓawo ba. Furarsu kuwa ruwa-ruwa, na sha don kunya. Jikokin Gwaggo suka kewaye mu suna jira mu yi magana, duk lokacin da Lawali ya ce “mi” sai su fashe da dariya su ruga.

Ranar Alhamis muka je kamfanin. Gini ne na gilashi, ciki sanyi kamar an buɗe firji, ƙasa tana ƙyalli har Lawali ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, mai gadi ya ce ya mayar. Babu tabarma, babu dillali, babu hayaniya. Motoci a jere, kowace da takarda a tsaye gefenta an rubuta kuɗinta. Wannan ya fara ɓata mini rai. Wane irin ciniki ne za a rubuta kuɗi tun kafin a ga fuskar mai saye?

Wani matashi mai fara'a ya tarbe mu, ya ce sunansa Nazifi. Da ya ji bakinmu sai ya ce, “A'a, mutanen Nijar ne! Sannunku da zuwa. Ai kakata 'yar Damagaram ce. Ku ne masu ƙirga kuɗi da jika ko?” Muka yi dariya, na ce a raina wannan ɗan gida ne, zai yi daɗin sha'ani. Ya kai mu wurin farar motar da furoje suka ce. Kujerunta duk a cikin leda. Lawali ya kewaye ta yana kallo, hannuwansa a baya, ya kasa taɓa ta.

Ni kuwa na fara aikina. Na ce farin fenti ba ya jure hanyoyinmu. Na ce tayoyin sirara ne. Na ƙwanƙwasa ƙofa na ce wannan ai gwangwani ne. Da a kasuwa ne da mai kaya ya rantse ya yi kumfar baki, mu yi ta ja har mu daidaita. Shi wannan murmushi kawai yake yana cewa, “Haka ne, Hajiya.” Na taya rabi. Bai ce albarka ba, bai ji haushi ba, sai ya ce bari ya ga manaja. Ya dawo ya ce an rage mana ɗan wani abu, za a ƙara mana shimfiɗar ƙafa a cika mana tanki.

Lawali ya matso kunnena. “Yaya, kuɗɗin sun kai fa. Har da ɗan saura. Mu amsa mu tahi gida.”

Na mintsine shi ta ƙarƙashin mayafi. “Rufe mini baki. Wanda ya rage sau guda zai rage sau ukku. Mi ka kawo ni yi?”

Na gyara mayafina na ce wa Nazifi za mu je mu yi shawara. Nan ne fuskarsa ta canza, ya daina murmushi. Ya ce, “Hajiya, don Allah in kuna da kuɗin ku biya yau. Wannan farashin na yau ne. In kuka kai Litinin ba mamaki an ƙara. Ba daga mu ba ne, maganar dala ce.”

Ku da kuke Maraɗi kun san abin da kunnena ya ji. Dala a wurinmu ita ce ƙaramar tagulla ta sefa biyar, wadda in ta faɗi ƙasa ba kowa ke sunkuyawa ya ɗauka ba. In muka ce abu maganar dala ce, ai muna nufin bai taka kara ya karya ba. Ga shi yaron ya gama yi mana wasa da jika, na ɗauka da harshenmu yake mini magana, yana so ya tsorata ni da ƙarin da bai kai kuɗin ƙosai ba. Na yi dariya har da tafawa. Na ce, “Ɗana, in dala ce a ƙara goma, ni zan biya daga bakin zanena.”

Ya dube ni kamar bai gane ba. Ya ce, “To, Hajiya, Allah ya sa mu dace.” Lawali ya rubuta masa lambar wayarsa, na ja hannunsa muka juya.

Na yi tafiyata ta kullum, a hankali, kunnena a baya. Muka wuce motocin. Muka kai ƙofar gilashi, ta buɗe da kanta. Na tsaya na gyara takalmin da bai ɓaci ba. Muka kai bakin titi, na tsaya sayen ruwan da ba na jin ƙishinsa. Da na waiwaya sai na hango Nazifi ta cikin gilashi yana nuna wa wani mutum mota. Duk da haka na ce wa Lawali, “Dabara ce. Bari shi kwana da zahin abin, gobe da kanshi zai kira.”

Da na ba Gwaggo Hure labari ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, “Dala? Yo Kanawa ke nan, ko dala ba su bari.” Ita ma duk zamanta a Kano kanta bai bar ƙirgan gida ba, kuma ba ta fita ko'ina. Da 'ya'yanta maza suna nan da wani ya farkar da mu, to duk suna wajen aiki a wasu garuruwa.

Juma'a ta wuce ba a kira ba. Lawali ya ajiye wayar a gabansa yana kallo, in ta yi ƙara ya zabura, sai ya ga matarsa ce tana tambaya ko a fara share wurin da za a ajiye mota. Ranar Asabar ya ce mu koma, na hana. Na ce wanda ya fara komawa shi ya faɗi. Na ja shi kasuwar Kwari don ya sake, na yi cinikin atamfa, na miƙe na tafi, aka kira ni kamar yadda aka saba. Na ce, “Ka gani? Kano ma mutane ne.” Lawali dai wayarsa kawai yake dubawa. Abinci ma ya daina ci sai shayi, Lahadi kuma kamfanin a rufe yake.

Ranar Litinin ban ƙara musu ba, muka koma tun da hantsi. Motar tana nan inda muka bar ta, amma takardar gefenta sabuwa ce. Lawali ya karanta, ya sake karantawa, sai na ga ya dafa bango.

Na ce wa Nazifi, “Wannan wace irin ƙeta ce? Kai ka ce mini maganar dala ce!”

Ya ce, “Ita ce kuwa, Hajiya. Dalar Amurka. Da ita kamfani yake sayo motocin daga waje. Ta tashi a kwanakin nan, naira ta faɗi, dole aka sake farashi. Na gaya miki.”

“Dolar kake nuhi?”

“E, dala.”

Ban san lokacin da na zauna a kujerar da ke kusa ba. Na san dolar, wa bai san ta ba? Amma ban taɓa kawowa a raina ita yaron nan yake kira da sunan 'yar tagullarmu ba. Ƙarin da aka yi ya cinye ɗan sauran, ya cinye kuɗin duwan da muka ware, ya kuma wuce su. Ko da mun samu ciko mun biya, babu abin da za mu shigo da ita gida.

Ni da ban taɓa roƙon mai kaya ba, ranar na roƙa. Na ce a tuna ragin da aka yi mana ranar Alhamis, ai magana ce aka yi. Nazifi ya ce a wurinsu magana ba ta ɗaure farashi sai an biya an ba da rasit. Na ce a kira manaja. Ya fito, mutum mai ladabi, ya saurare ni har na gama. Na cire 'yan kunnena da awarwarona na zinariya na ɗora a teburinsa. Ya tura mini su a hankali ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ba ma karɓar irin wannan. Ni ma ma'aikaci ne, daga sama ake aiko mana.” Babu wanda ya zage mu, babu wanda ya cuce mu, shi ya fi ƙona mini rai. Da akwai wanda zan kama da faɗa da na ji sauƙi.

Lawali ya matso. Ya dubi Nazifi ya ce, “Malam, don Allah ko za ka bari in zamna ciki sau guda?” Aka buɗe masa. Ya shiga ya zauna a kan ledar, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Ya daɗe a haka. Da ya fito sai ya cire hularsa ya goge inda hannunsa ya taɓa, ya rufe ƙofar a hankali ya yi godiya.

Mun ƙara kwanaki muna zagaya wasu kamfanoni, ko'ina labarin ɗaya ne, kullum kuma sai ya ƙara muni. Lawali ya kira mutanen furoje ya roƙi a yarda da ta hannu mai kyau, suka ce sharaɗin ba nasu ba ne, kuma akwai wani da ya riga ya kawo tasa. Sai muka ce wa ɗan canji ya mayar mana da sefarmu. Da ya faɗi abin da za ta koma, na ɗauka wasa yake. Nairar da aka ba mu a Maraɗi ta rame a hannunmu ba tare da mun taɓa ta ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Gwaggo ta ba mu gurasa, ba wanda ya ci. A Ɗan Isa, cikin duk motocin duniya, sai muka faɗa ta direban nan da Lawali ya yi wa alkawarin oda. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar Lawali, ya rufe. Har Maraɗi bai kunna ko rediyo ba.

Washegari Lawali ya ce in raka shi Jiratawa. Tunaninsa shi ne tunda aiki ya tafi, taksi ta tafi, ko garka ta dawo yara su samu abin ci. Muka iske Alhaji Rabe a ciki, ma'aikatansa suna tuge zogalen Baba, zai zuba albasa. Aka gaisa, ya yi mana jaje, don labari ya riga mu isa. Lawali ya faɗi abin da ya kawo shi da abin da ya rage a hannunsa.

Alhaji ya girgiza kai. “Albarka, Lawali. Wanga bai kai abin da na ba ka ba, kuma na riga na zuba kuɗɗi ciki.”

“Alhaji, ka duba zumunci. Kai da Baba kunka tashi tare.”

“Na duba. Amma kai da bakinka ka ce ka sallama, ga Hajiya nan shaida. Ko ba a yi haka ba, Hajiya?”

Na ce an yi. Mi zan ce? A Kano magana ba ta ɗaure kowa ba, a gida kuma ta ɗaure mu tamau.

Lawali ya ce, “To, Alhaji, mun gode,” ya juya ya kama gefen hanyar ruwa. Ni na tsaya a baya ina kallonsa, sai na ga irin tafiyar da yake yi. A hankali, kai a ɗan karkace, kunne a baya. Ya tsaya ya gyara takalmin da bai ɓaci ba. Tafiyata ce, a wurina ya koya. Na juya na dubi Alhaji Rabe, ina roƙon Allah ya sa ya ce dawo. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki wani reshen zogale ya jefa kan tulin, ya ce wa ma'aikatansa su yi sauri kafin a rufe ruwa.

Yanzu Lawali yana jan taksin wani a Tsibiri, kullum da yamma ya kai wa mai ita abin da aka yanka masa. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya. Yana zuwa gaishe ni ranar Juma'a kamar da, ya durƙusa ya ce, “Yaya, ina wuni,” mu yi hirar yara. Wannan haƙurin nasa shi yake kashe ni, da ya zage ni da na samu barci.

To ga labarin mota, kun ji. A rumfata kuwa maƙwabta sun ce na lalace, wai mai saye bai gama juya baya ba nake kiransa. Gaskiya suka faɗa. Ba na iya kallon bayan mutum yana tafiya a hankali.